DAGA MADUGU ZUWA MATUƘI: MUTANEN ZANGO DA ƘANANAN JIRAGEN SAMA

Duk wanda ya tashi a Nima ko Maamobi ya san rugugin jirgin sama tun kafin ya san baƙi da wasali, domin tsakaninmu da filin jirgin Accra 'yar tazara ce. Muna yara mukan bar wasa mu ɗaga kai, mu yi ta ɗaga hannu muna aika saƙon tsaraba ga mutanen da ba su san da zamanmu ba. Da muka ƙara wayo sai muka iya bambanta su da kunne: akwai manya masu nauyin murya da ke nufar Landan ko Dubai ko Jidda, akwai kuma ƙanana masu farfela da ke tashi da sassafe zuwa Kumasi da Tamale da Takoradi, su dawo kafin azahar. Manyan nan su ne ake yi wa hoto, su ake ba da labarinsu. Amma idan muka duba abin da ya fi taɓa rayuwar ɗan Zango, wato jana'izar mahaifi, da sunan jika, da cinikin da ba ya jira, za mu ga ƙananan ne suka fi shiga sha'aninmu. Tarihinsu kuwa a ɗaure yake da tarihin zuwanmu wannan ƙasa.

HANYAR DA TA HAIFE MU

Kafin a yi jirgi, kafin a yi mota, ayari ne ya haɗa ƙasar Hausa da Gwanja. Fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da fatu da baƙaƙen riguna da shuɗɗan zannuwa, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Sansanin Mango ko Yendi, har su sauka Salaga, inda goron Asanti ke jiransu. Tafiya ce ta watanni, kuma wanda ya fita da kaka ba lalle ne ya ga gida kafin damina ba. Ayarin yana da shugabanni. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa. Jagaba yana gaba yana duba hanya. Inda aka sauke kaya aka kwana kuwa shi ne zango. Daga wannan kalma unguwanninmu suka samo suna, kuma mai lura zai ga ma'anarta tana tuna mana cewa kakanninmu sun sauka ne da niyyar tashi.

Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, sa'an nan yaƙin basasa na 1892 ya watsa mutanenta. Wasu suka nufi Kete-Krachi, inda babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934; wasu suka gangara Kintampo da Kumasi; wasu suka iso bakin teku, nan Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Da jirgin ƙasa ya isa Kumasi daga Sekondi a 1903, sai hanyar goro ta juya kudu. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya zo Accra inda mahaifiyarsa take zaune, kuma yana cikin waɗanda suka fara gane cewa a ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko ya fi a kora jakuna wata da watanni. Tun daga wancan lokaci ɗabi'ar ɗan Zango ta bayyana: duk abin hawan da ya rage masa kwanakin hanya, zai gwada shi idan aljihu ya yarda.

YAƘIN HITILA DA GIRMAN NIMA

Jirgin sama ya riga isa Kano kafin ya zama abin sabo a Accra. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1930 jirgin wasiƙu da ke zuwa Kano daga Khartoum ya miƙa tafiyarsa har Ikko da Accra. Amma abin da ya sauya komai shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Da tekun Bahar Rum ya zama da haɗari ga jiragen ruwan Ingila, daga 1940 sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, a tuƙa su zango-zango ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira N'Djamena, El Fasher, Khartoum, har Alƙahira. Wanda ya san labarin alhazan ƙafa zai ga cewa daga Kano zuwa gabas, wannan kusan ita ce hanyar da kakanninmu suka yi shekaru suna takawa zuwa Makka.

Amurkawa kuma suka mai da filin jirgin Accra babban sansaninsu na jigila. Sansani yana buƙatar lebura da kuku da mai wanki da mai gadi, waɗannan kuwa suna buƙatar wurin kwana kusa da aiki. Nima, wadda Malam Amadu Futa ya kafa a farkon shekarun 1930 a matsayin mashaya da makwancin shanu kafin a shigar da su kasuwa, ta cika ta batse a waɗannan shekaru. Mutane suka yi ta kwararowa daga arewacin ƙasar da ƙasashen Faransa da Nijeriya. Saboda haka idan muka ce da gumin iyayenmu aka raya filin jirgin nan, ba kirari muke yi ba. Sai dai sun yi shekaru suna share shi, suna loda kaya, suna gadin ƙofarsa, ba tare da ɗayansu ya yi tunanin wata rana zai zauna a kujerar fasinja ba.

LOKACIN DA AKA SA WA JIRGI SUNANMU

A 1946 gwamnatocin mulkin mallaka na Nijeriya da Gold Coast da Saliyo da Gambiya suka haɗa jari suka kafa kamfanin West African Airways Corporation, wanda aka fi sani da WAAC, ya fara aiki a 1947, hedikwatarsa tana Ikeja. Jiragensa na farko ƙirar Dove ne, 'yan ƙanana masu farfela biyu, waɗanda fasinjojinsu ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Da su aka haɗa Accra da Kumasi da Takoradi da Tamale, aka kuma haɗa Ikko da garuruwan Nijeriya. Masu shiga a farko joji ne da di'o da manajojin kamfanonin Turawa, sai ɗaiɗaikun sarakuna da lauyoyi.

Daga baya kamfanin ya kawo jirage ƙirar Bristol, masu faɗin ciki da ƙaton hanci, waɗanda asalinsu don ɗaukar kaya aka ƙera su, ya jera musu kujeru, ya sauke kuɗin tikiti domin jawo 'yan ƙasa. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Accra da Ikko aka sa masa suna Coastal Flyer, wanda ke haurawa arewa har Kano kuwa aka kira shi Hausa Flyer. Wannan suna abin a tsaya a kansa ne. Bature ɗan kasuwa ba ya raɗa wa hajarsa sunan wanda ba zai saya ba. Sun duba sun ga wane ne ke cika taragon jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano, wane ne ke kwana a kan huhun goro a bene na jirgin ruwa, suka gane cewa Bahaushe mai fatauci shi ne fasinjan da za a nema. A wancan zamani mutum zai iya tashi daga Accra, ya sauya jirgi a Ikko, ya kai Kano, duk a hannun kamfani ɗaya, kuɗin da ke aljihunsa kuma fam ɗaya ne da sule ɗaya da ake karɓa a ƙasashen huɗu.

Tsofaffin da suka riski jiragen wancan zamani sukan ba da labarinsu da dariya. Ƙarar injin ba ta barin mutum ya ji maganar maƙwabcinsa. Jirgin ba ya hawa can ƙololuwa, don haka idan rana ta take, iska mai zafi ta taso daga ƙasa, sai ya riƙa tsalle kamar ɗan maraƙi, mai raunin ciki kuwa ya sha wuya. Amma ta taga mutum yana ganin komai: duhun kurmin Asanti, da inda itatuwa ke fara sirancewa, da jar ƙasa, da kaɗanya da ɗorawa, da bukkoki masu zagaye. Abin da madugu ke gani a hankali cikin makonni, sai ga shi yana shuɗewa a ƙarƙashin ƙafa tsakanin hantsi da azahar.

BAƘAR TAURARUWA DA HANYAR MOTA

'Yancin kai ya raba wannan gida. Ghana ta sami mulkin kanta ranar 6 ga Maris 1957, ta janye daga haɗakar, ta kafa Ghana Airways a watan Yuli 1958, gwamnati na da kashi 60, kamfanin BOAC na Ingila na da kashi 40. A ƙarshen Satumba na wannan shekara WAAC ta watse, Nijeriya ta gaji ragowarta. Kowace sabuwar ƙasa tana son ganin tutarta a wutsiyar jirgi, kuma Kwame Nkrumah ya fi kowa wannan buri: ya sayo manyan jirage daga Ingila da Tarayyar Sobiyet domin a ga baƙar tauraruwa a manyan biranen duniya. Hanyoyin cikin gida kuwa aka bar su da ƙananan jirage irin su Heron da DC-3, daga baya aka kawo Fokker. Hankalin hukuma yana kan Landan, Tamale kuwa sai abin da ya rage.

A daidai wannan lokaci hanyar ƙasa ma ta sauya. Tsohuwar hanyar arewa daga Kumasi ta bi ta Mampong da Ejura da Atebubu zuwa Yeji, a haye kogi, a wuce Salaga zuwa Tamale. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cika ya faɗaɗa mashigin Yeji, fito ya zama na jiran jirgin ruwa, sai manyan motoci suka koma bin Techiman da Kintampo da Buipe. Salaga, garin da ya tara kakanninmu, ta koma gefen hanya. Daga Accra zuwa Tamale kimanin kilomita 600 ne, kuma har yau motar haya takan ci awa goma zuwa sha biyu, jirgi kuwa awa guda ko da 'yan mintoci.

Sa'an nan siyasa ta yi nata. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamba 1969 ta kwashe dubban mutanen Zango, ciki har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, kuma a bayan manyan motoci suka fita. A 1983 Nijeriya ta yi irin nata korar. Iyakar da ayari bai san da ita ba ta zama katanga mai neman takarda.

Da Ghana Airways ta raunana, har sojan sama sun riƙa jigilar farar hula a cikin gida da sunan Airlink. Ranar 5 ga Yuni 2000 jirginsu ƙirar Fokker da ya taso daga Tamale ya faɗi wajen sauka a Accra cikin ruwan sama mai ƙarfi, aka yi asarar rayuka. Ita kanta Ghana Airways bashi ya durƙusar da ita a 2004, aka rufe ta a shekarar da ta biyo.

ZAMANIN 'YAN KASUWA

Da gwamnati ta saki, sai 'yan kasuwa suka ɗauka. A 2003 Alhaji Asoma Banda, wanda ya yi suna a harkar jiragen ruwa, ya kafa Antrak Air, kuma mutanen Zango da yawa sun ɗauki kamfanin a matsayin nasu saboda mai shi Musulmi ne da ake gani a masallaci. Akwai CiTylinK a wannan zamani. A 2011 Starbow da Fly540 suka shigo, a 2012 Africa World Airlines ta fara da jiragen Embraer masu kujera 50. Gasa ta sauke farashi, har aka kai lokacin da mai shagon atamfa a kasuwar Nima zai iya lissafa kuɗin mota da na abincin hanya da yinin da zai ɓata, ya ga jirgi bai fi ƙarfinsa ba. Mutane da yawa a cikinmu a waɗannan shekaru suka fara ɗaura ɗamarar kujera.

Daɗin bai daɗe ba. Darajar sidi ta faɗi, alhali man jirgi da kayan gyara da kuɗin hayar jirgin duk da dala ake biya. An ɗora harajin kashi 17.5 cikin ɗari a kan tikitin cikin gida, ba a cire shi ba sai a 2017. Fly540 ta tsaya a 2014, Antrak ta bi baya a 2015. Ranar 25 ga Nuwamba 2017 jirgin Starbow mai shirin tashi zuwa Kumasi ya kauce daga titinsa a Accra. Ba a rasa rai ba, amma kamfanin bai sake tashi ba. A 2018 PassionAir ta shigo da jirage masu farfela ƙirar Dash 8. Dalilin wannan faɗi-tashi ba ɓoyayye ba ne. Gajeriyar tafiya ita ta fi cin kuɗi a kan kowane kilomita, domin tashi da sauka su ne ke shan mai da cin taya, kuɗin fili kuma ba ya raguwa don tafiyar minti arba'in ce. Kamfanin da ke da jirage uku, idan ɗaya ya shiga gyara, ya rasa sulusin ƙarfinsa a yini guda. Fasinja ba ya ganin wannan lissafi. Abin da yake gani shi ne allon da ke cewa an jinkirta.

A GABAN SIKELI

Wanda yake son ya ga halin mutanenmu ya je layin jirgin Tamale da asuba. Mu ba ma tafiya hannu rabbana. Mai zuwa arewa yana ɗauke da atamfa da sabulu da burodi da maganin tsohuwa. Mai dawowa yana ɗauke da doya da man kaɗe da daddawa da soyayyun zabi da wagashi, kowanne da sunan wanda aka aiko wa. Yaron mota a tasha yakan dubi kaya da ido, a yi ciniki, a roƙe shi don Allah ya rage. Sikeli kuwa ba ya jin roƙo. Mun sha ganin Hajiya ta buɗe jaka a tsakiyar jama'a tana rarraba ƙullin kaya, tana duban fuskokin da ke layi har ta ga mai hula, ta ce, «Ɗana, kai ba ka da kaya, don Allah riƙe mini wannan.» Shi kuma ya san ma'aikata sun hana karɓar kayan wanda ba a sani ba, ya kuma san ba a ce wa sa'ar mahaifiya a'a a bainar jama'a, sai ya tsaya yana sosa ƙeya yana cewa, «Hajiya, bari mu tambaye su tukuna.» Ƙa'idar ba ta wulaƙanci ba ce: ƙaramin jirgi nauyinsa a ƙididdige yake, har inda kowa zai zauna, shi ya sa wani lokaci ake tayar da mutum daga gaba a mai da shi baya.

Cikin jirgin kansa wata 'yar unguwa ce. Ga ɗan majalisa, ga ma'aikaciyar ƙungiyar agaji daga Turai, ga soja, ga malami da almajirinsa mai riƙe masa jaka, ga dillalin shanu da ya saba kwana a bayan tirela yau uzuri ya sa shi biyan kuɗin sama. Idan farfela ta fara juyawa za ka ji an yi tsit, leɓɓa suna motsi da addu'ar hawa abin hawa, yatsu suna jan carbi, maƙwabciya Kirista kuma ta sunkuyar da kai tana tata. Kafin a gama raba ruwa da ɗan biskit an fara sanar da sauka. Zuwa Kumasi, sau da yawa lokacin da mutum ya ɓata daga Maamobi zuwa filin jirgi cikin cunkoson safe ya fi wanda zai yi a sama.

Sai kuma hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kwaso ƙura daga Sahara ta lulluɓe arewa, matuƙi kuwa ba zai sauka a titin da ba ya gani ba. Wata shekara muka tashi mu biyar daga Nima domin jana'izar wani dattijo da ya karantar da mu, wanda ya rasu da dare a Tamale. Mun san ba a jinkirta gawa, mota kuma ba za ta kai mu ba, sai muka harhaɗa kuɗi muka sayi tikitin jirgin farko. Aka ce a jira awa ɗaya, aka ƙara biyu. Babu wanda ya fito ya yi mana bayani sai wata yarinya ma'aikaciya da ba ta da abin faɗa sai haƙuri. Babban cikinmu ya matsa kusa da ita ya ce, «'Yata, gaya mana gaskiya, za a tashi ko mu nemi mota?» Ta ce, «Baba, ni ma jira nake a faɗa mini.» Wajen ƙarfe goma sha ɗaya waya ta shigo cewa an sallaci Malam, an nufi maƙabarta. Muka yi masa addu'a a nan kan kujerun jira, da yamma muka shiga motar dare, muka isa washegari muka yi ta'aziyya. Ba mu ga laifin matuƙin da ya ƙi jefa rayuka cikin ƙura ba. Abin da ya yi mana ciwo shi ne awa huɗu da aka bar mu cikin duhu, alhali da an faɗi gaskiya tun asuba da mun san abin yi.

Duk da haka, sau nawa jirgin nan ya kai ɗa ga mahaifiyarsa tana da sauran numfashi? Sau nawa ya kawo maras lafiya Korle Bu a yinin da mota za ta ƙarasa shi a hanya? Waɗannan ba a rubuta su a jarida, amma kowane gida a Zango yana da irin labarinsa.

Alhazan arewa ma sun ga sauyi. Shekara da shekaru sai sun yi doguwar tafiyar mota zuwa Accra, su yi kwanaki a sansanin alhazai kusa da filin jirgi ko a gidajen dangi a Nima da Sabon Zango da Fadama, suna jiran a kira suna. A 2016 aka fara kwasarsu kai tsaye daga Tamale zuwa ƙasa mai tsarki. An sauƙaƙa wa tsofaffi wahala, ko da yake gidajenmu sun rasa wata baƙunta mai albarka da suka saba da ita kowace shekara.

MASU KALLO DAGA ƘASA

A nan ne labarin yake da ɗaci. A gefen kogin Odaw da tafkin Korle, kusa da Agbogbloshie, akwai Old Fadama, inda dubun-dubatar mutane ke zaune a ɗakunan katako, akasarinsu daga arewa. Da yawa sun zo ne bayan rikicin 1994 da ya ci ƙasar Nanumba da Dagomba da Konkomba, wasu kuma fatara da ƙarancin damina suka koro su. A cikinsu akwai 'yan matan da ake kira kayayei, sunan da rabinsa kalmarmu ce ta kaya, masu ɗaukar dakon kasuwa a kan kai. Babu wanda ya fi su zirga-zirga tsakanin Accra da Tamale da Walewale da Yendi: suna zuwa da rani, su koma da shuka, su dawo bayan girbi. Su ne ainihin fasinjojin wannan hanya, kuma kusan babu ɗayarsu da ta taɓa ganinta daga sama.

Hanyar da suke bi kuwa tana cin rai. A Fabrairu 2016, sa'an nan a Maris 2019, haɗarin manyan motocin fasinja a yankin Kintampo ya kashe fiye da mutum hamsin kowane karo. A ƙarshen Maris 2020, da aka sanar da kulle Accra da Kumasi saboda annobar korona, an tare motar kaya a Ejisu aka sami mata da yara a ɓoye a ciki suna neman komawa arewa. Jirgin sama da ake tsoro ya fi mota aminci nesa ba kusa ba, amma amincin nan na mai kuɗi ne. A zamanin ayari attajiri da ɗan dako rana ɗaya ke dukansu, ɗan fashi ɗaya suke tsoro, zango ɗaya suke kwana, ko da ɗaya yana kan doki ɗaya yana ƙasa. Yau tafiya ɗaya ce, amma wani awa guda, wani dare guda.

KANO TA YI NISA

Akwai wani abin mamaki kuma. An buɗe filin jirgin Wa ga fasinja a 2019, an gyara na Sunyani, an yi wa Tamale da Kumasi sababbin gine-gine, na Kumasi ma an sa masa sunan Prempeh na Ɗaya a 2024. Amma ɗan Zango mai son ziyartar dangi a Kano ko Sakkwato ko Yamai, sau da yawa sai ya bi ta Legas ko Abuja, ko ya tsallaka Lome inda kamfanin ASKY ke tara fasinjojinsa tun 2010, ya yini a ɗakin jira, ya biya kuɗin da wani lokaci ya kusa na zuwa Turai saboda harajin da kowace ƙasa ke ɗorawa. Ƙasashen Afirka sun amince a Yamoussoukro a 1999 cewa za a buɗe sararin samaniyar nahiyar ga kamfanonin juna, suka sake ƙaddamar da shirin a 2018, sakatariyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka kuma a nan Accra take. Amma har yanzu yawancin mutanenmu motar Yamai ko ta Legas suke bi, suna ƙirga shingayen hanya. Shekaru saba'in da suka wuce akwai jirgi mai ɗauke da sunan Hausa. Yau jikokin waɗanda aka yi shi dominsu sun fi yawa, sun fi ilimi, sun fi dukiya, amma babu wanda ya zauna ya lissafa su a matsayin kasuwa.

Wannan lissafi kuwa namu ne mu gabatar. Muna da attajirai, muna da sarakunan Zango, muna da 'yan majalisa, muna da 'ya'yan da suka karanta tuƙin jirgi da injiniyancinsa. Madugu bai taɓa jiran wani ya share masa hanya ba. Yakan ƙirga mutanensa da dabbobinsa, ya je gaban sarki ya yi ciniki da yawun ayari duka. Idan ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Accra da Kumasi da Kano da Yamai suka iya nuna yawan masu bin wannan hanya a shekara, da yawan kayan da suke ɗauka, akwai kamfanin da zai saurara. Haka nan muna da bakin da za mu nemi a riƙa gaya wa fasinja gaskiya idan an fasa tashi, a mayar masa da kuɗinsa ba tare da ya yi ta sintiri ba, a kuma gyara hanyar Kintampo domin 'yan'uwanmu da ba za su hau sama ba.

Har yau yaran Nima suna ɗaga wa jirgi hannu idan ya wuce. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka taka wannan hanya da ƙafa, ya kiyaye matafiyanmu na sama da na ƙasa, ya sada kowa da iyalinsa lafiya. Amin.